Gardamar Sarki Kiriyon da Ɗansa Haimon: Yadda Za a Kafa Ta a Dandali

1. Wasan da abin da ya ƙunsa

Daga cikin wasanni fiye da ɗari da Sofokilis ya rubuta a birnin Atina na ƙasar Girka, guda bakwai ne kaɗai suka iso wannan zamani cikakku, Antigoni kuwa yana cikin waɗanda aka fi yawan nunawa har yau. Sofokilis ya rasu a shekara ta 406 kafin haihuwar Annabi Isa, masana kuwa sun fi rinjaya ga cewa ya fito da wannan wasa ne wajen shekara ta 441. Tsawonsa layi 1353 ne na waƙa. Wannan takarda ta keɓe fitowa guda daga cikinsa, watau gardamar da Sarki Kiriyon ya yi da ɗansa Haimon, daga layi na 631 zuwa na 765, domin a duba yadda aka gina ta, da abin da ginin nan ya wajabta wa mai shirya wasa in ya tashi kafa ta a dandali, musamman in da Hausa za a yi ta.

Ga labarin a taƙaice. Sarki Idifus na birnin Tibis ya bar 'ya'ya huɗu, biyu maza biyu mata. Mazan suka yi rikici a kan gadon sarauta, har ɗayansu, Folinaikis, ya jawo rundunar baƙi ya kawo wa garinsu yaƙi, shi da ɗan'uwansa suka kashe juna a ƙofar birni. Kawunsu Kiriyon ya hau gado, ya yi doka cewa kada a binne Folinaikis, wanda duk ya taɓa gawar a jefe shi. Antigoni, 'yar'uwar mamacin, ta karya doka ta zuba wa gawar ƙasa, aka kama ta, sarki ya yanke mata hukuncin kisa. To, ita Antigoni an riga an yi mata baiko da Haimon, ɗan sarki, wanda ta ke 'yar gwaggonsa. Bayan an shige da ita cikin gida a tsare sai ga Haimon ya iso ƙofar fada.

Abin da a ke son nunawa a nan shi ne, ƙarfin wannan fitowa yana ga yadda ladabi ke zubewa kaɗan kaɗan tsakanin mutum biyu da ke ƙaunar juna, har a kai inda uba ya daina ce wa ɗansa ɗa, ɗa kuma ya daina ce wa ubansa uba. Kuskuren da a kan yi shi ne a shigo da yaro a fusace, a sa sarki ya tarye shi da tsawa. Mai shirya wasan da ya yi haka ya cinye guzurinsa tun bai bar gida ba, domin sa'ad da aka iso inda tsawar ta ke da amfani, kunnen 'yan kallo ya riga ya saba da ita.

2. Ginin fitowar

In aka ƙirga layukan sai a ga Sofokilis ya auna su kamar mai awo da mudu. Kiriyon ya buɗe da layi 4, Haimon ya amsa da layi 4. Sa'an nan Kiriyon ya yi dogon jawabi na layi 42, dattawan birni suka sa baki da layi 2, Haimon ya mayar da nasa jawabin na layi 41, dattawa suka sāke sa baki da layi 2. Daga nan uba ya yi layi 2, ɗa ya yi layi 2, sai magana ta koma layi ɗaya ɗaya, wannan ya jefa wancan ya cafe, har layi 28. A ƙarshe Kiriyon ya yi layi 4, Haimon ya yi layi 4 ya fita. Jimla layi 135 ke nan.

Abu biyu ne wannan lissafi ya nuna. Na farko, marubucin ya ba ko wanne daga cikinsu rabo daidai da na ɗan'uwansa, bai fifita kowa da yawan magana ba. Sabo da haka mai shirya wasan da ya ga jawabin sarki ya yi tsawo ya datse shi, ya bar na yaro cikakke, ya riga ya yanke shari'a tun masu ƙara ba su gama bayani ba. In dole ne a rage, sai a rage duka biyu gwargwadon juna. Na biyu, tsawon numfashin da ko wannensu ke bari wa ɗan'uwansa yana raguwa ne daki daki: daga layi arba'in da 'yan kai zuwa biyu, daga biyu zuwa ɗaya. Watau saurin fitowar a rubuce ya ke cikin matanin, ɗan wasa ba ya bukatar ya ƙirƙiro shi. Abin da a ke nema gare shi kurum shi ne ya yi haƙuri da jawaban nan biyu, ya faɗe su a natse, wanda ba ya magana kuma ya saurara sauraro na gaskiya. Haimon ya jure wa layi 42 bai katse ubansa ba, Kiriyon ma ya jure wa layi 41. Wannan juriya ita ce ragowar mutuncin da ke tsakaninsu, ya kamata kuwa 'yan kallo su gan ta da idonsu kafin ta ƙare.

Yana da kyau a tuna da yadda aka fara nuna wasan. A fili a ke yinsa da rana, a gindin tudun Akurofolis, a gaban taron jama'a mai yawa. 'Yan wasa masu magana uku ne kaɗai, dukansu maza, suna sāke fuskokin aro da su ke rufe kansu da su, ban da ƙungiyar masu amshi ta mutum 15, waɗanda a wannan wasa su ne dattawan Tibis. Mutumin da ke sanye da fuskar aro ba shi da ikon murtuke fuska ko zare ido. Duk abin da zai nuna sai ta murya, da tsayuwa, da inda ya juya. Don haka ne Sofokilis ya zuba alamominsa cikin kalmomi, wanda ya neme su a can kuwa zai same su.

3. Yadda su ke kiran juna

Harshen Girkanci na dā yana da siga ta musamman da suna ke ɗauka in ana kiran mai shi, sabo da haka yana da sauƙi a bambanta inda aka kira mutum da inda aka ambace shi kawai. A cikin wannan fitowa Kiriyon ya kira Haimon da kalmar pai, watau ɗana ko yarona, sau uku: a layi na 632, da na 639, da na 648. Haimon kuma ya kira shi da kalmar pater, watau baba, sau uku: a layi na 635, da na 683, da na 701. Biyu daga cikin na Haimon su ne kalmar farko da ta fito daga bakinsa sa'ad da ya karɓi magana. Daga layi na 701 har ya fita, layi sittin da 'yan kai, babu wanda ya sāke kiran ɗan'uwansa da sunan zumunta.

Abin da ya maye gurbin kiran shi ne abin lura. A layi na 726 Kiriyon ya juya ga dattawa yana tambayarsu ko mai shekaru irin nasu ne zai koma ɗaukar karatu wurin mai shekaru irin na wannan. A layi na 740 ya sāke ambatar ɗansa da lamirin nuni, kamar wanda ba ya wurin, ya ce da alama ya zama mataimakin mace. Sa'ad da ya komo ga kiransa kai tsaye, a layi na 742 da na 746, da zagi ya kira shi. Shi kuma Haimon, kalmar uba ta sāke fitowa daga bakinsa sau ɗaya a cikin musayar, a layi na 755, amma cikin jumlar sharaɗi, inda ya nuna cewa ubantakar ce kaɗai ta hana shi ya ce mutumin ba shi cikin hankalinsa. A nan kalmar ta tashi daga kira ta koma takunkumi, takunkumin ma yana gab da tsinkewa, tun da abin da ya ce ba zai faɗa ba ya riga ya faɗe shi.

Har wa yau, a duk tsawon gardamar babu ɗayansu da ya ambaci sunan Antigoni. Yarinya su ke cewa, ko mace, har a layi na 760 Kiriyon ya kira ta da kalmar da ba a ba mutum, abin ƙi. Mai fassara da ya ga sunan ya ɓace ya ce bari ya taimaki 'yan kallo ya mayar da shi, ya ɓata abin da aka gina da gangan. Uban yana ƙin sunan don ƙiyayya, ɗan yana kauce masa don kunya da dabara, shirun nan guda kuwa yana ɗauke da dalilan duka biyu.

4. Kiriyon

Mafi sauƙin hanya ita ce a mai da Kiriyon azzalumin sarki mai kumfar baki, 'yan kallo su tsane shi tun daga shigowarsa. Mutanen Atina ba haka suka ji shi ba. A shekara ta 343 mashahurin mai jawabin nan Dimostinis ya sa aka karanta wani yanki na jawabin Kiriyon na farkon wasan a gaban kotu, a matsayin misalin yadda ya kamata mai riƙe da al'amarin jama'a ya kasance. Dokar Atina kuma tana hukunta wanda ya wulakanta iyayensa da raba shi da haƙƙinsa na ɗan gari, wanda za a ba babban muƙami ma sai an tambaye shi a fili ko yana kyautata wa iyayensa. Sabo da haka sa'ad da Kiriyon ya ce amfanin haihuwa shi ne a sami ɗa mai biyayya, wanda zai ƙi maƙiyin ubansa ya girmama masoyinsa, yawancin iyayen da ke zaune a wurin sun yarda da shi. Haka kuma sa'ad da ya ce rashin biyayya ke rushe birane ya watsa sahun mayaƙa, yana magana ne a garin da jiya jiya ya tsira daga hari.

Ban da wannan, dattawa sun gabatar da Haimon a layi na 626 da 627 da cewa shi ne na ƙarshen 'ya'yan sarki, can gaba kuma aka ji cewa ɗan'uwansa Megariyus ya riga ya mutu. Watau mutumin da ke tsaye a ƙofar fada uba ne da ya rasa ɗa, ga autansa ya iso, tambayar farko da ya yi masa kuwa ita ce ko fushi ya zo yi da shi, ko kuwa har yanzu yana ƙaunarsa ko me ya aikata. Tambayar mai jin tsoro ce. Ɗan wasan da ya faɗe ta da gadara ya rufe ƙofar da tausayi zai shigo ta cikinta a ƙarshen wasa.

Aibin jawabin Kiriyon yana fitowa ne a hankali. Ya fara da gida, ya wuce ga gari, ya ce a bi shugaba cikin ƙaramin abu da babba, cikin daidai da akasinsa, sa'an nan ya rufe da cewa gara namiji ya kā da shi da a ce mace ta rinjaye shi. A wannan rufewa ne mai sauraro zai gane cewa abin da ke cin sarki ya wuce kishin doka, akwai tsoron kunya a ciki. Nan ne ya kamata murya ta ɗan canja, ko da ba ta ɗaga ba.

5. Haimon

Kuskuren da a kan yi da Haimon shi ne a mai da shi saurayin da soyayya ta rufe wa ido. A cikin matanin bai taɓa cewa yana son yarinyar ba, bai kuma roƙi a bar masa ita ba. Shi da Antigoni ma ba su taɓa haɗuwa a dandali ba a duk wasan, har ya yiwu ɗan wasa guda ya ɗauki matsayin su biyu. Marubucin Faransa Jan Anuyi, a sabon Antigoni da ya rubuta aka nuna a Faris a 1944, shi ne ya ƙara fitowar da masoyan biyu suka gana, wannan kuwa wasansa ne dabam. A wurin Sofokilis, dattawa ne suka ambaci so, bayan yaro ya fita, cikin waƙar da suka yi daga layi na 781, inda suka ɗora wa so alhakin tā da wannan husuma tsakanin jini ɗaya. Sun hango abin da yaron ya ɓoye. Aikin ɗan wasa shi ne ya ɓoye shi yadda za a hango.

Amsarsa ta farko tana da wuyar fassara. Ya miƙa wuya ga ubansa, ya ce zai bi shiriyarsa, babu auren da ya fi masa ita. Amma siffar aikatau da ya yi amfani da ita wajen ambaton kyan shiriyar tana ɗaukar ma'ana biyu a Girkanci: tana iya nufin tun da shiriyar mai kyau ce, tana kuma iya nufin muddin mai kyau ce. Kiriyon ya ji ta farko ya yi murna. Mai fassara zuwa Hausa da ya sa tun da ya mai da yaron mai sauƙin kai, wanda ya sa muddin kuwa ya sa shi ya yi wa ubansa gatse tun a gaisuwa. Mafita ita ce a jera maganganun biyu kusa da juna ba tare da ko ɗaya daga cikin mahaɗan nan ba, a bar mai sauraro ya ƙulla da kansa, Hausa kuwa tana yarda da irin wannan jeri.

Dabarar dogon jawabinsa tun dā aka lura da ita. Aristotal, a littafinsa na fasahar jawabi, ya kawo Haimon misalin mai sa maganarsa a bakin wasu: maimakon ya ce shi ne ke ganin yarinyar ba ta cancanci mutuwa ba, sai ya ce abin da ya ke ji mutanen gari suna raɗawa a ɓoye ke nan, waɗanda kwarjinin sarki ya hana su faɗa a gabansa. Sa'an nan ya kawo misalin itatuwan bakin rafi, waɗanda ke rusunawa in ambaliya ta zo su tsira, masu taurin kai kuwa a tumɓuke su, da misalin matuƙin jirgin ruwa da ya ƙi sassauta igiya har jirgi ya kife. Duk wannan magana ce ta mai cewa gyara kayanka, wadda ba ta zama sauke mu raba ba.

Amma kada a wanke shi tas. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da musaya ta yi zafi, shi ne a layi na 735 ya ce wa ubansa ya yi magana irin ta ƙaramin yaro, shi ne kuma a layi na 739 ya yi masa ba'a da cewa sarautar kufai ce za ta dace da shi. Gaskiya ce a bakinsa, amma ya faɗe ta yadda ba za ta karɓu ba. Fitowar ta fi ban tausayi in 'yan kallo suka ga halin uban yana ɓullowa a jikin ɗan.

Layi na 751 yana bukatar kulawa ta musamman. Haimon ya ce in ta mutu, mutuwarta za ta hallaka wani. Kansa ya ke nufi, uban kuwa ya ɗauka barazana ce a gare shi. In ɗan wasa ya kai hannu ga takobi, ko ya matso da ƙirji, ya gaskata fahimtar Kiriyon, kuskuren uban ya zama ba kuskure ba. Ya kamata ya faɗi layin da murya ƙasa ƙasa, hannuwansa a sake, yadda kowa a wurin zai gane nufinsa ban da mutum ɗaya.

6. Dattawa da ƙofar fada

Masu shirya wasa na zamani su kan so su mai da wannan fitowa cikin ɗaki, uba da ɗa su kaɗai, don a ce faɗan cikin gida ne. Wannan yana kashe rabin dalilin abin da ya faru. A ƙofar fada aka yi gardamar, a gaban manyan gari. Uban da zai iya sassautowa in ɗansa ya same shi a turaka, ba zai iya ba in mutum goma sha biyar na kallo. Abin lura ne cewa Kiriyon ya saurari jawabin ɗansa har ƙarshe bai fashe ba. Abin da ya fasa shi layi biyun dattawa ne, da suka ce ya kamata ko wannensu ya koya daga ɗan'uwansa, domin duka sun yi magana mai kyau. Daidaita shi da yaro a bainar jama'a shi ne abin da ya kasa haɗiyewa, shi ya sa amsarsa ta nufi dattawan kafin ta nufi yaron.

Don haka wurin da aka ajiye dattawa a dandali muhimmi ne. In aka jera su can baya kamar bango, juyawar sarki gare su a layi na 726 da na 740 ba za ta yi ma'ana ba. Ya fi kyau su kasance a gefe ɗaya kusa da 'yan kallo, yadda duk sa'ad da sarki ya juya gare su sai ya ba ɗansa kafaɗa. Shirunsu kuma a cikin layi 28 na musaya shiru ne da ya kamata a gani: su sunkuyar da kai, wani ya motsa kamar zai yi magana ya fasa.

7. In da Hausa za a yi ta

Ɗan kallo Bahaushe yana da wata fa'ida a kan ɗan kallon Turai na yau, domin ba ya bukatar a yi masa bayanin nauyin uba. Zai shigo yana tare da Kiriyon, kamar yadda iyayen Atina suka shigo, yana riƙe da cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, sa'an nan wasan ya raba shi da wannan matsayi a hankali. Ya kuma san cewa ɗan da ke son ubansa ya sāke shawara ba ya tunkararsa da kansa, sai ya nemi baffa, ko aminin uban, ko wani dattijo ya shige masa gaba. Haimon ba shi da wanda zai aika, sai ya mai da mutanen gari 'yan aikensa a cikin jawabi. Dattawan da ya kamata su ce a yi haƙuri, su janye yaro gefe, sun tsaya suna yabon kowa. Bahaushe zai ga wannan gazawa tasu tun ba a nuna masa ba. Kasancewar Haimon auta ma tana da amfani, domin kunyar da ke tsakanin uba da ɗan fari ba ta kan auta, an san shi da samun fuskar da 'yan'uwansa ba su samu ba, sabo da haka ƙarfin halinsa na tsayawa ya yi magana ba zai zama abin mamaki ba.

Hausa tana da wani tsani da Girkanci ba shi da shi, watau lamirin da ba ya nuna mai aiki. Yaro mai ladabi ba ya ce wa ubansa ka duba, sai ya ce a duba, ko in an yarda, ko a yi haƙuri. Mai fassara yana iya riƙe Haimon a kan wannan siga tun daga gaisuwa har ƙarshen dogon jawabinsa, ya sauko da shi ga ka da ka ke sa'ad da musaya ta fara, ya ajiye kai tsirara, wadda ba ta da rakiya, sai wajen layi na 755. Haka nan Kiriyon zai tashi daga ɗana, ya koma yaron nan, ya ƙare a wannan. Sai dai a kiyaye abu biyu. Kada a sa wa Haimon ranka ya daɗe ko Allah ya ba ka nasara, ko da ya ke a fada a ke, domin a matanin dattawa ne ke kiran Kiriyon sarki, ɗansa kuwa baba ya ke ce masa, watau ta ƙofar zumunta ya shigo. Kada kuma a sa wa Kiriyon tsinuwa ko ya ce ya sallama ɗansa, ko da ya ke harshe zai ja mai fassara zuwa can. Uban ya yi zagi, ya kuma ba da mummunan umurni a kawo yarinyar a kashe ta a gaban angonta, amma ɗan ne ya yanke zumunta, da ya ce uban ba zai sāke ganin fuskarsa ba.

Jiki ma yana da nasa tsanin. Haimon ya tuɓe takalma daga nesa, ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ya zauna a haka har uban ya gama. Jawabinsa ma a durƙushe zai yi shi, sai dai ya ɗan ɗaga kai a layi na 701, inda ya ce baba na ƙarshe. Miƙewa tsaye ba tare da an sallame shi ba ta dace da layi na 735. Haɗa ido da uba a ajiye shi sai layi na 755. A ƙarshe ya sa takalmansa a gaban sarki, ya juya baya ya tafi ba sallama. Ko wane ɗaya daga cikin matakan nan sau ɗaya a ke taka shi, ba a komawa, in kuwa aka bi su a jere, ɗaga murya sau ɗaya ya isa, a layi huɗun Kiriyon na ƙarshe.

8. Abin da ya biyo baya

Hujjar wannan karatu tana cikin sauran wasan. Da fitar yaro, dattawa suka yi wa sarki tambaya guda, nan take ya janye hukunci daga kan Ismini, 'yar'uwar Antigoni. Ya kuma sāke irin kisan: maimakon jifa, wanda sai da hannun jama'a a ke yinsa, ya ce a rufe ta da rai cikin kogon dutse a wurin da ba kowa. Ana iya fahimtar wannan da cewa labarin raɗe-raɗin gari ya shige shi, ko da ya ke bai yarda a gaban ɗansa ba. Ɗan wasan da ya yi Kiriyon kurma tun farko ba zai iya nuna wannan ba.

Uba da ɗa sun sāke haɗuwa sau ɗaya, a cikin kogon, ba a gaban 'yan kallo ba, ɗan aike ne ya kawo labari. Antigoni ta rataye kanta, Haimon na rungume da ita. Kiriyon ya roƙe shi ya fito, ya kira shi a layi na 1230 da kalmar teknon, wadda ta fi pai taushi, daga tushen haihuwa ta ke. Yaron bai amsa da ko kalma ɗaya ba. Ya tofa masa yawu a fuska, ya zare takobi ya kai masa sara ya kuskure, sa'an nan ya juya shi ga kansa. Kalmar tofi da ɗan aike ya yi amfani da ita a layi na 1232 ita ce ainihin wadda Kiriyon ya yi amfani da ita a layi na 653, sa'ad da ya ke umurtar ɗansa ya tofar da yarinyar kamar abokiyar gaba. Wajibi ne mai fassara ya riƙe kalma guda a wuraren biyu, ɗan wasa kuma ya furta ta a fili a karo na farko domin a tuna da ita a karo na biyu.

Aristotal, a littafinsa na fasahar waƙa, ya ƙi wannan sara da bai samu ba, ya lissafa shi cikin mafi raunin abin da a ke sawa a wasan ban tausayi, watau mutum ya yi niyyar aikata abu da saninsa sa'an nan bai aikata ba. Amma in aka dubi saran daga gardamar ƙofar fada, sai a ga shi ne matakin da ya rage a tsanin: wanda ya bar kiran uba, ya bar durƙuso, ya bar magana, hannu kaɗai ya rage masa, hannun kuma da ya kuskure uban sai ya cika abin da aka faɗa a layi na 751.

Daga nan Kiriyon ya shigo da gawar ɗansa, a layi na 1266 kuma kalmar pai ta komo bakinsa, ya shaida cewa wautarsa ce ta kashe yaron. Mai shirya wasa ya umurci ɗan wasansa ya faɗi ɗana a nan da irin muryar da ya faɗe ta a layi na 632. In an kafa gardamar yadda aka bayyana a sama, 'yan kallo za su gane muryar. In kuwa da tsawa aka fara, ba su taɓa jin ta ba balle su gane ta.